Noman gansakuka don tace tankin kifin teku: mai zubowa, mai kumfa ko kaito, wanne zai jure Maradi?

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ƙanena ya biyo ta gida, ya tsaya gaban tankin kifina ya daɗe yana kallo, can sai ya duƙa ya buɗe ƙasan teburin inda kayan aiki suke, ya ga wata ƴar raga kore shar kumfa na bin jikinta. Ya ce Yaya wanga abu da gangan ka bar shi ko wanki ne ba ka samu yi ba? Na ce da gangan ne, noma ta nake. Shi ma so yake ya fara, har ya kai gilashi an yanka masa, amma ya kalli bidiyo kala-kala kansa ya ɗaure, kowa na cewa nasa injin ne ya fi. Abin da na faɗa masa ranar shi nake son in shimfiɗa a nan dalla-dalla, don duk waɗanda suke waɗannan bidiyo ba wanda ya taɓa kwana a Maradi cikin watan Afrilu ba kuran, kuma zaɓin gaba ɗaya a nan ya rataya.

Da farko mi ya sa ma mutum zai noma gansakuka. Kifi yana ci yana kashi, ragowar abinci na ruɓewa, daga nan amoniya ke fitowa, ƙwayoyin bakteriya da ke zaune jikin duwatsu su maida ta nitirit, wasu kuma su maida nitirit ɗin nitirat. Nitirat ɗin ne ke taruwa, shi da fosfat da ke shigowa cikin abinci. Mai kiwon tarwaɗa ko karfasa ba ruwansa da wanga lissafi, in ruwa ya ɓaci sai ya zubar ya buɗe pampo. Mu ba mu da wannan gatan, kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35, kuma ba gishirin miya ba ne ba na Bilma ba ne, haɗi ne na musamman mai kalsiyom da magneziyom da sauran sinadarai, sai an yo maka odarsa daga nesa, teku kau in ka bi hanyar mota ta fi kilomita 1000 daga nan. Donk duk dabarar da za ta rage maka yawan canjin ruwa kuɗi ce a aljihunka. Abin da ke cutar kifi da murjani, wato halittar teku mai rai da ke manne jikin dutse, ga gansakuka taki ne. In ba ka ba ta gona ba za ta yi gonarta da kanta jikin gilashi da duwatsu, in kau ka ware mata wuri mai hasken da ya fi na tanki da gudun ruwa mai kyau, can za ta tare, ta sha nitirat da fosfat har da amoniyar kanta, kai kuma ka kankare ka zubar, ka fitar da dattin ke nan da hannunka. Wani masani Walter Adey ne ya fito da dabarar a ƙarshen shekarun 1970 a cibiyar Smithsonian da ke Washinton, nasa tire ne a kwance da wani bokiti da ke cika ya tuntsure ya watso ruwa kamar igiyar teku. Daga baya masu kiwo a gida suka yi ta sauƙaƙa shi.

Wanda ya fi suna shi ne mai zubowa. Tiyon PVC ne a kwance, a tsaga cikinsa ta ƙasa tsagar da ba ta wuce milimita 3 ba, a cusa bakin ragar roba cikin tsagar a ɗaure da kolye na roba, ragar ta rataya tsaye, pompi ya turo ruwa cikin tiyon ya riƙa zubowa ta fuska biyu na ragar kamar labule ya koma ƙaramin tankin da ke ƙasan babban, inda kayan aiki suke. Fitila ɗaya dama ɗaya hagu. Ƙa'idar da masu harkar suka daɗe suna bi ita ce kowace santimita ta faɗin raga tana son kusan lita 60 a awa, ke nan raga mai faɗin santimita 10 sai pompin da ke ba da lita 600 a awa, kuma a lura lambar da aka rubuta jikin kwali ta ruwan da bai hau sama ba ce, da zarar ya hau rabin mita ƙarfin ya ragu, gara ka sayi wanda ya ɗan fi. Girman raga kuma ba da girman tanki ake auna shi ba, da yawan abincin da kake zubawa ake aunawa: in a rana kifinka na cin daskararren abinci ƙwaya ɗaya, wanda bai kai dunƙulen magi ba, raga mai kusan murabba'in santimita 80 da haske ta fuska biyu ta isa, in fuska ɗaya ce ke samun haske sai ka ninka. Mutane na son su yi ƙatuwar raga don a ga aiki, sai gansakukar ta bazu siririya ba kauri.

Gaskiya wajen ƙarfi ba wanda ya kai shi. Ruwan siriri ne kan raga, iska na taɓa shi kai tsaye, haske ba ya ratsa zurfi kafin ya iso, in ya kama cikin kwana 10 sai ka kankaro cikin hannu na koren gashi mai nauyi ka matse ruwa na tsiyaya. Kuma yana da wata fa'ida da ta yi daidai da mu, yana sanyaya ruwa, kamar dai yadda randa ke yi, ruwa na tashi sama yana tafiya da zafi. Kifin teku da murjani suna son digiri 24 zuwa 27, mu kau a Afrilu da Mayu muna wuce 40, duk digiri ɗaya da ka samu ya sauka alheri ne.

To amma ni shi na fara haɗawa, kuma shi ya fara ba ni ciwon kai. Na kai wata biyu ina lallaɓa ragar har ta yi kore gwanin kyau, ran nan da rana tsaka cikin bazara aka ɗauke kuran ina kasuwa, ban dawo ba sai bayan la'asar. Da na buɗe na tarar da ita ta bushe ƙayau, saman ya yi fari-fari da gishiri, in ka taɓa yana marmashewa kamar busasshiyar kuka, ƙasan kuma ya yi baƙi yana wari. Mafi muni kuran ya riga ni dawowa, pompi ya tashi ya wanke wani ɓangare na mushen ya koma cikin ruwa, duk abin da ta sha cikin sati biyu ta amayar da shi. Kwana biyu ruwan na da wani launi kamar shayi. Wanga shi ne babban aibin mai zubowa, ragarsa a iska take rataye, da pompi ya tsaya ba abin da ke jiƙa ta, kuma iskar garin nan ban da damina busasshiya ce, wanki ma kafin ka juya ya bushe balle gansakuka. Layin da ke kawo mana wuta daga Najeriya yake zuwa ta wajen Katsina, kowa ya tuna yadda aka yi a 2023 da aka yanke shi, ko ba haka ba bazara kowa ya san halinta.

Aibi na biyu shi ne wancan sanyin da na yaba ba kyauta ba ne, da ruwa kake biyansa. Ruwa na tashi gishiri na zama, in ba ka ciko ba gishirin ya yi yawa, awon gishirin ruwa da ya kamata ya tsaya wajen 1.025 sai ya yi ta hawa. Ciko kuma da ruwa marar gishiri ake yi, tatacce, wanda ya bi ta injin osmos, don na pampo ko na rijiya zai iya shigo maka da irin abin da kake wahalar fitarwa. Ni zane na yi da alƙalami jikin ƙaramin tanki, safe da yamma sai na duba. Ga tsagar tiyo da gansakuka ke toshewa, in ta toshe rabi ruwa ya fara tsartuwa gefe, rannan a kan fitila zai sauka. Dole ka rufe bakin tsagar daga haske da wani ɗan baƙin roba, ka kuma riƙa bi da tsohon buroshin haƙori.

Na biyu shi ne mai kumfa, wanda ƙanena ya gani. Nan ragar ko wani abu mai kaushi a cikin ruwa yake tsundum, a ƙasansa an sa tiyon iska mai ƴan huji, pompin iska na turo kumfa tana hawa tana gogar ragar. Kumfar ce ke yin aikin da zubowar ruwa ke yi a wancan, tana motsa ruwan da ke manne da gansakuka tana kawo mata sabo da iskar kabon da take buƙata. Yadda na haɗa nawa, baƙar robar abinci na samu mai ɗan zurfi, na huda ta sama da ƙasa, na manna raga a cikinta, na kifa ta jikin gilashin ƙaramin tanki ta ciki, fitila kuma daga waje tana haskowa ta gilashi, ba abin da ya haɗa waya da ruwa. Wasu da maganaɗisu suke riƙe ta, in za ka yi haka sai wanda aka lulluɓe da roba gaba ɗaya, ruwan gishiri ba ya barin ƙarfe.

In an ɗauke kuran mai kumfa ba ya bushewa, yana zaune cikin ruwa yana jira, awa huɗu awa biyar ba abin da zai same shi. Kuma ga lissafin da ya sa na tsaya a kansa. Ƙaramin pompin iska wajen wat 3 yake ci, pompin ruwan da zai ɗaga lita 600 zuwa 900 kau sai ka lissafa wat 15 ko 20. Ɗauki ƴar bateri ta bolt 12 mai amfiya 7, a takarda wat 84 ne na awa ɗaya, amma in kana son ta daɗe rabi kawai za ka ja, a ce 40. Pompin iska zai yi awa 13 a kai, na ruwa awa 2 ya shanye ta. Kuma kumfar nan ba gansakuka kaɗai take wa aiki ba, oksijin take sa wa ruwa, wanda rashinsa ne ke fara kashe kifi in wuta ta daɗe ba ta dawo ba, musamman da zafi, don ruwan ɗumi bai riƙe iska kamar mai sanyi. Ƙari a kan haka pompin da ke nutse cikin ruwa duk wat ɗin da ya ci a ƙarshe zafi yake zama cikin tanki, na iska kau a waje yake.

Shi ma ba tsarkakakke ba ne. Yawanci fuska ɗaya ke samun haske, donk girma ɗaya da mai zubowa rabin aiki zai yi, in kifinka da yawa sai ka haɗa biyu. Kumfa in ta fashe a sama tana watsa gishiri, bayan sati ka ga farin ɓawo jikin katako da waya, sai da murfi. Hujin tiyon iska na toshewa. Pompin kuma ko dai ka ɗora shi sama da matakin ruwa ko ka sa masa ɗan bawul mai hana komawa, in ba haka ba ranar da wuta ta tafi ruwa zai bi tiyo ya sauko cikinsa har ƙasan ɗaki. Sai abin da ban taɓa jin wani ya faɗa ba alhali a gidajenmu shi ne babba: pompin iska duk abin da ke cikin ɗaki shi yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Ƙurar hunturu, hayaƙin turaren wuta, da maganin sauro na feshi ko na ƙonawa, shi wannan na ƙarshe guba ne sosai ga kifi da jatan lande ko da kaɗan ne. Na zauna da uwargida mun yi magana, ɗakin da tanki yake ba feshi, gidan sauro muke ɗaurawa, kuma na sa ƴar auduga a bakin da pompi ke shan iska, lokacin hunturu kwana kaɗan take yi ta koma ja. Mai zubowa ma bai tsira daga wanga ba tunda labulen ruwansa a buɗe yake.

Na kwance, irin na asali, ba zan daɗe a kansa ba. Tire ne ko rabin tiyo mai faɗi da aka ɗan karkata, raga a shimfiɗe, fitila a sama. Sauƙin haɗawa gare shi kuma in ka yi masa ɗan baki zai riƙe ruwa kaɗan in pompi ya tsaya, amma fuska ɗaya ce, yana cin wuri, datti na kwantawa a kai, ƙura kuma ta samu faranti. Mai bokitin da ke tuntsurewa ga ƙara dare da rana ga watsa gishiri, a ɗakin da ake kwana ba zai yiwu ba.

Sai kaito, wato ciyawar teku da ake kira Chaetomorpha, kore ce kamar cukurkuɗaɗɗen zaren kamun kifi, ba ta manne wa komi. Hanya biyu ake noma ta, ko a jefa ta cikin wani sashe na ƙaramin tanki a sa mata fitila, ko a zuba ta cikin wata gora mai haske a naɗe gorar da zirin fitilar led ruwa na bi ta ciki. Tsafta gare ta, girbi ma ba kankara, ka ciro ka yage rabi ka maida rabi, kuma ƙananan halittun da kifi ke ci suna hayayyafa a cikinta. Ta fi wata ciyawar teku da ake kira Caulerpa kwanciyar hankali, don ita waccan takan yi fari dare ɗaya ta narke ta juye duk cikinta a ruwa. Amma tambayar ita ce ina za ka samu iri? Raga ba ta buƙatar iri, ƙwayoyin gansakuka suna nan jikin dutse da cikin ruwa, da kansu za su zo. Kaito kau sai an kawo maka ita da rai, ta kwana biyu ko uku cikin leda a mota da zafin nan, in ta mutu kuma sai ka sake jiran wani mai zuwa. Ta gora ta fi haɗari a wurinmu, rufaffen wuri ne, zirin fitila na ɗumama shi, in pompi ya tsaya fitila kuma tana kan bateri ka dafa ta ke nan. Tana kuma son sinadarin ƙarfe cikin ruwa, in ya ƙare sai ta yi fari ta daina girma. Wanda ya samu iri mai kyau ya jefa a ƙaramin tanki a buɗe, wannan ba laifi, amma ya zama ƙari ne kan raga, kar ya dogara da ita kaɗai.

Akwai abubuwan da duk wanda ka zaɓa sai ka kiyaye. Raga ta zama roba mai ɗan tauri, ba ta ƙarfe ko alminiyom irin ta taga ba, kuma sai ka kankare ta da bakin zarto har ta yi kaushi kamar ƙaya, in ka shafa ta kama maka yatsa, in santsi gare ta gansakuka za ta yi nauyi ta suɓuce ta koma tanki. Da na je wajen mai gyaran pampo ya miƙo min robine na tagulla ya ce Alhaji wanga ya fi ƙarko, na ce a'a Malam ba ni na roba, don tagulla da jan ƙarfe a cikinta, jan ƙarfe kuma yana kashe murjani da katantanwa da jatan lande. Silikon ma a duba, wanda aka rubuta yana hana fumfuna na banɗaki ne, akwai magani a ciki. Fitila ja ta fi, mai tsawon zango wajen nanomita 660, irin ta masu noman ganye a ɗaki, kuma ka nemi ta bolt 12, ruwan gishiri da bolt 220 a wuri ɗaya da yara a gida ba abin wasa ba ne. Ka fara da awa 10 zuwa 12 a rana kana ƙarawa a hankali har 16 ko 18, amma kar ka bar ta awa 24, tana buƙatar duhu. An fi son a kunna da dare lokacin da fitilar babban tanki ke kashe, don pH, wato awon tsamin ruwa, na sauka da dare, gansakukar da ke aiki kuma tana shan iskar kabon ta riƙe shi. In da panno kake aiki baterinka kuma ƙarama ce, raba shi, wasu awanni da rana wasu da farkon dare, ya fi a ce bateri ta mutu ƙarfe 3 na dare pompi ya tsaya.

Satin farko da na biyu wani yauƙi ruwan ƙasa za ka gani, kar ka karaya, kore na zuwa daga baya, wani lokacin sai an yi wata. Launin shi ke gaya maka halin da ake ciki, in baƙi ne mai yauƙi datti ya yi yawa haske bai isa ba, ka riƙa wankewa da wuri, in rawaya ne ko tsakiyar ta yi sanƙo haske ya yi yawa ka ja fitila baya ko ka rage awa, in koren gashi ne ka dace. Girbi duk kwana 7 zuwa 14, a waje ba cikin tanki ba, da tsohon kati na roba, ka ɗauraye da ruwan pampo, kuma kar ka wanke tas, bar saiwar a cikin ramukan raga. In ka bar ta ta yi kauri da yawa na ƙasa ba ya samun haske, ya mutu ya saki. Kuma ka riƙa awo, ba a so nitirat da fosfat su koma sifiri, murjani na buƙatar kaɗan, in sun ƙare ƙaf wani yauƙi mai guba ne ke mamaye yashi, in ka ga awo ya kusa ƙasa ka rage awannin fitila.

To ga yadda na raba masa. Wanda ke da panno da bateri masu ƙarfi ko gurup da ke tashi da kansa, tankinsa babba, kifi da yawa, kuma akwai mai duba ciko kullum, ya yi mai zubowa, zai ga aiki kuma zai samu sanyi. Wanda wutarsa ita ce ta kowa da kowa, yana fita tun safe sai yamma, tankin bai wuce lita 200 ba da kifi ƴan kaɗan, mai kumfa ne nasa, zafin kuma ya sa ƴar fanka tana hura saman ruwa, ita ko ta tsaya ba abin da zai mutu ya ruɓe. Ƙanena a kashi na biyu yake, shago gare shi ba ya dawowa sai magariba. Na ba shi ragowar ragata da bakin zarto, na ce ya je ya kankare har sai ta kama masa yatsa, ya nemo baƙar roba biyu, ɗaya ya kifa yanzu ɗayar ya ajiye sai ranar da ya ƙara kifi, kuma kafin ya sayi kifi ko ɗaya ya fara sayen pompin iska mai bateri a ciki.